Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Ɗalibi, Ƙwallon Ƙafa da Burin Zama a Turai

Babu wani wasa da ya taɓa mamaye zukatan matasan ƙasar Hausa kamar yadda wasan ƙwallon ƙafa ya mamaye su. Dambe da kokawa da langa sun yi zamaninsu, kuma har yanzu ba su mutu ba, amma babu ɗaya daga cikinsu da ya shiga aji ya zauna tare da ɗalibi a kan benci, ya bi shi ɗakin kwana, ya kuma hana shi barci kamar tamaula. A makarantar sakandare ko a kwalejin ilimi ba a rasa ɗalibin da zai jero sunayen 'yan wasa goma sha ɗaya na Chelsea ko na Barcelona, har da na zaman benci, ba tare da ya yi tuntuɓe ba, alhali kuwa in aka ce ya lissafa Hausa Bakwai sai ya tsaya a Zazzau yana susar ƙeya. Ranar Litinin da safe, kafin malami ya shigo, muhawarar da ake tafkawa a aji ba ta wuce wasan da aka kalla daren Lahadi. Ana yin ta ne kuma da “mun ci” da “an ci mu”, sai ka ce a unguwarsu aka kafa ƙungiyar.

Wannan ƙauna ba ita kaɗai take tafiya ba, tana da abokin tafiya, wato burin barin gida. Ɗalibin da ya ɗan iya taɓa leda, wanda 'yan unguwa suka fara yi wa laƙabi da sunan wani shahararren ɗan wasa, ba ya hangen kansa a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ko na Ahmadu Bello da ke Kaduna. Idonsa yana kan Ingila da Sifaniya da Italiya. Ko wanda bai iya bugawa ba ma, kallon shimfiɗaɗɗiyar ciyawa da tsaftatattun filaye da jama'a cikin rigunan sanyi yakan sa masa a rai cewa can ne ake rayuwa, nan kuwa zaman jira ake yi.

Iyaye da malamai da yawa suna ɗaukar wannan lamari a matsayin shiririta wadda tsawa ko bulala za ta yi maganinta. Wannan kuskure ne. Son tamaula ba aibi ba ne, son ganin duniya kuma ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Abin tsoro shi ne yadda ɗalibi yake shirin fita hannu rabbana, ba ilimi, ba jagora, ba masauki, da kuma yadda makaranta, wadda ita ce ya kamata ta riƙe linzamin wannan buri, ta sakar wa gidan kallo da dillalai shi.

Kafin a zargi ɗalibi, ya dace a yi masa adalci, domin ba a banza burin nasa ya tsiro ba. Ya ji labarin yadda Nijeriya ta doke Barazil da ci 4 da 3, sannan ta doke Ajantina da ci 3 da 2, ta ɗauki lambar zinariya a gasar Olamfik ta 1996 a birnin Atlanta na Amurka. A cikin waɗanda suka yi wannan bajinta akwai Tijjani Babangida da Garba Lawal da Daniel Amokachi da Celestine Babayaro, dukkansu kuwa a lungunan Kaduna suka koyi wasa. Babangida ya buga wa Ajax ta ƙasar Holan, Amokachi ya ɗauki kofin ƙalubale na Ingila da Everton a 1995, Babayaro kuma ya koma Chelsea a 1997. Na baya-bayan nan da ya fi shiga ran matasan Arewa shi ne Ahmed Musa, haifaffen Jos, wanda ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar wasa ta 2009/2010, ya wuce Holan, ya wuce CSKA Moscow ta Rasha a 2012, ya koma Leicester City a 2016, ya kuma zura wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar kofin duniya ta 2014, ya ƙara wa Aisilan biyu a ta 2018. Wannan ba tatsuniya ba ce. Cibiyar wasanni da ya gina a Kano tana nan, ɗalibi yana ganinta da idonsa.

A ɗaya gefen kuma, me ɗalibin yake gani in ya waiwaya gida? Yana ganin yayansa da ya gama digiri ya yi hidimar ƙasa, yana yawo da takardu cikin ambulan daga wannan ofis zuwa wancan. Yana ganin malaminsa yana cin bashin gero kafin ƙarshen wata. In ma ƙwallon gida ya duba, ya san 'yan wasa kan yi watanni suna bin albashi, suna kwana a kan hanya cikin mota domin zuwa wasa. Bai manta ba cewa a watan Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta har 'yan wasa suka ji rauni. Wanda ya auna waɗannan abubuwa biyu ya ce zai fita, ba za a ce masa mahaukaci ba. Lissafi ya yi, sai dai da rabin alƙaluma ya yi shi.

Ita kanta tafiya, ai gadon Bahaushe ce. Tun kafin zuwan Turawa fatake suke tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato su nufi Gwanja, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu har su isa kasuwar Salaga, suna ɗauke da kanwa da tufafin rini da fatu, su komo da goro. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da wannan sana'a suka yi suna. Zangunan da ke Kumasi da Ankara da sauran biranen Gana shaida ne, haka ma garuruwan Hausawa da ke Sudan, waɗanda mahajjatan ƙafa da masu hijira suka kafa. Ɗan ci-rani ma, da zarar an kai amfanin gona gida, yakan rataya jakarsa ya nufi birni. To amma a lura da yadda falke yake tafiya. Ba ya fita sai da haja. Ba ya fita shi kaɗai, sai cikin ayari, a ƙarƙashin madugun da ya san kowane zango da kowace rijiya da kowane sarkin da za a ba gaisuwa. In ya isa kuma akwai fatoma, wato mai masaukin da zai ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Fiye da kome, falke ya san ranar komowa, ɗan ci-rani kuma da ya ga hadarin farko hankalinsa yake komawa gona.

Idan aka ɗora ɗalibin yau a kan wannan ma'auni, sai a ga inda gizo yake saƙa. Hajarsa duka-duka ita ce ƙafafunsa biyu, haja ce kuma wadda targaɗe ɗaya kan iya zubar da ita. Madugunsa wani ne da ya haɗu da shi a bakin fili ko a waya, wanda bai san asalinsa ba. Fatoma kuwa babu shi. Ranar komowa ma ba ta cikin lissafi, domin a ransa komowa ba da mota da kuɗi ba abin kunya ne.

Gidan kallo yana nuna wa ɗalibi waɗanda suka isa ne kawai, ba ya nuna masa waɗanda suka zube a hanya, su ne kuwa mafi rinjaye nesa ba kusa ba. Wani marubucin wasanni ɗan Ingila, Michael Calvin, ya kawo wani ƙiyasi a littafinsa na 2017 cewa daga cikin yara kimanin miliyan 1.5 da suke buga ƙwallo a ƙungiyoyin matasa na Ingila, 180 ne kacal za su zama 'yan wasan gasar Firimiya. Wato ke nan ɗaya cikin fiye da 8,000. Waɗannan kuwa yara ne da aka haifa a can, ba su buƙatar biza, suna da filaye da masu horarwa da likitoci da abinci mai gina jiki. To ina ga wanda yake buga ƙwallo a kan burji, da takalmin roba, a bayan makarantar firamare? Hatta waɗanda suka sami shiga sana'ar, ba dukkansu ne suke cin daular da ake zato ba. Ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPro, ta yi bincike a kan 'yan wasa kusan 14,000 a ƙasashe 54 a shekarar 2016, ta gano cewa fiye da kashi 45 cikin 100 ba su samun dala 1,000 a wata, kashi 41 cikin 100 kuma sun fuskanci jinkirin biyan albashi. Miliyoyin da ake ambata a rediyo rabon 'yan tsiraru ne.

Tarihin matasan Nijeriya kansa ya isa darasi. Ƙasar ta ɗauki kofin duniya na matasa sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015. Kowane zubi ya ƙunshi yara kusan ashirin waɗanda a lokacin babu kamarsu a duniya cikin tsaransu. Nawa ne daga cikinsu ɗalibi zai iya tuna sunayensu? Zai tuna Nwankwo Kanu daga zubin 1993, zai tuna Victor Osimhen daga na 2015. Amma Macauley Chrisantus, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar 2007, ya tafi Hamburg ta Jamus da babban zato a kansa, bai sami gurbi a babbar ƙungiyar ba, ya ci gaba da sauya sheƙa daga wannan ƙasa zuwa waccan. Shi ma Osimhen, wanda ya ci ƙwallo 10 a gasar 2015, ya bar Wolfsburg ba tare da ya ci mata ko ɗaya a gasar Jamus ba, sai da ya koma ƙaramar ƙungiya a Beljiyam sannan tauraronsa ya fara haskawa. Idan zakaran duniya yana shan irin wannan gwagwarmaya, ya kamata zakaran unguwa ya yi wa kansa faɗa.

Ban da wannan kuma, sana'a ce mai gajeren kwana. Ɗan wasan da ya yi sa'a yakan kai shekara 33 ko 35 yana bugawa, daga nan sai rataye takalmi, alhali saura rabin rayuwa a gabansa. Wani ma ba ya kaiwa. Kanu yana kan ganiyarsa, jim kaɗan bayan nasarar Atlanta, likitocin Inter Milan suka gano yana da ciwo a zuciya, sai da aka yi masa tiyata a Amurka. Shi Allah ya tashi kafaɗunsa ya koma fili, amma a kowace unguwa akwai wanda gwiwa ko idon sawu ya raba shi da tamaula yana ɗan shekara ashirin, ba tare da wata jarida ta ambace shi ba.

Inda lamarin ya fi muni shi ne wajen dillalai. Yadda suke cin kasuwarsu kusan iri ɗaya ne ko'ina a Afirka ta Yamma. Mutum zai bayyana a filin da yara suke atisaye, cikin kyakkyawar shiga, yana nuna hotunansa da wasu Turawa ko da wani sanannen ɗan wasa. Zai keɓe yaro ya ce masa irin baiwarsa ba ta zaman Afirka ba ce. Bayan 'yan kwanaki sai ga takardar gayyata mai ɗauke da tambarin wata ƙungiya, da bayanin cewa ana buƙatar kuɗin fasfo da na biza da na jirgi da na rajista, kuma lokaci yana ƙurewa. Daga nan sai yaro ya tasa iyayensa a gaba. Uwa ta sayar da 'yan kunnenta da akuyoyinta, uba ya jinginar da gona ko ya sayar da filin da ya ajiye domin gini. Wani dillalin da ya karɓi kuɗi sai ya kashe waya, shi ke nan. Wannan ma mai sauƙi ne, domin dukiya kawai aka rasa. Wani kuwa zai kai yaron da bizar yawon buɗe ido ta 'yan makonni, ya ajiye shi a wani ƙaramin otal, ya ce gobe za a je gwaji, ya sulale. Biza ta ƙare, kuɗi su ƙare, yaro ya zama baƙon haure a ƙasar da bai san harshenta ba. Ba ya iya komowa saboda babu kuɗin jirgi, ko da akwai ma yana jin nauyin haɗa ido da uban da ya sayar da gona dominsa. Sai ya riƙa aiko da hotuna a gaban manyan gine-gine, na gida su ɗauka ya samu, ƙannensa kuma su ɗaura niyya.

Wannan ba zancen tsoratarwa ba ne. Yawan irin waɗannan yara a titunan Faransa ne ya sa wani tsohon ɗan wasan Kamaru, Jean-Claude Mbvoumin, ya kafa ƙungiyar Foot Solidaire domin tallafa musu. A 2015 kuma BBC ta bankaɗo yadda wata ƙungiya mai suna Champasak United a ƙasar Lawos, can kudu maso gabashin Asiya, ta kwaso yara 23 daga Afirka ta Yamma, mafi yawansu 'yan Laberiya, wani ma shekararsa 14, da sunan za a sa su a makarantar horar da 'yan wasa. Yaran sun tarar babu makaranta, babu likita, a ƙasa suke kwana cikin wani ɗaki a filin wasa. Wanda bai sami dillalin jirgi ba kuwa, akwai dillalin mota, mai bi da shi ta Agadas ya ratsa Sahara zuwa Libiya, da fatan ƙetare Bahar Rum cikin kwalekwalen roba. Duniya ta ga hoton bidiyon da gidan talabijin na CNN ya nuna a watan Nuwamba na 2017, inda ake gwanjon baƙaƙen fata a Libiya kamar dabbobi a kara.

Abin takaicin shi ne, sanin doka guda ɗaya tak ya isa ya tona asirin mafi yawan waɗannan mayaudara. Tun 2001 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta haramta ɗauke ɗan wasan da bai cika shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata, in ban da wasu 'yan dalilai, kamar a ce iyayensa ne suka yi ƙaura saboda wata hidima da ba ta shafi ƙwallo ba. Ba kuma dokar jeka-na-yi-ka ba ce, domin a kanta aka hukunta Barcelona a 2014, da Real Madrid da Atletico Madrid a 2016, da Chelsea a 2019. Shi kansa Ahmed Musa, da VVV-Venlo ta saye shi a 2010, sai da ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba na wannan shekarar kafin a ba shi izinin bugawa. Saboda haka duk wanda ya zo wa ɗalibin aji huɗu ko aji biyar na sakandare da albishir cewa wata ƙungiyar Turai tana jiransa a wata mai zuwa, ko dai ƙarya yake yi, ko kuma ta ɓarauniyar hanya zai bi da shi.

A nan ne wata cutar kuma take shigowa, wato sauya shekaru. Mai shekara 23 ya zama ɗan 16 domin ya shiga gasar matasa, ɗan 16 kuma a ƙara masa domin ya ƙetare dokar FIFA. Wannan ɗabi'a ta jawo wa Nijeriya dakatarwa daga gasannin matasa a 1989. A 2009, shekarar da ƙasar ta karɓi baƙuncin gasar 'yan ƙasa da shekara 17, har aka buga wasu wasannin a Kano da Kaduna da Bauchi, FIFA ta fara amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu domin tantance shekaru. A 2016 'yan wasa 26 na tawagar matasan Nijeriya suka faɗi wannan gwaji, Nijar kuma ta fitar da ragowar. Ga ɗalibi, illar ta wuce nan. Wanda fasfonsa ya saɓa wa takardar haihuwarsa da sakamakon jarrabawarsa ta WAEC ko NECO ya yanke igiyar da ke tsakaninsa da karatunsa da hannunsa, ranar da ƙwallo ta ƙi shi kuwa zai tarar takardunsa sun zama na wani mutum dabam.

Wasu za su ce ai ba a bin zomo biyu, wanda yake son ya yi fice a ƙwallo dole ya ba ta lokacinsa duka, karatu kuwa ya jira. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin tamaula tana son atisaye kullum, kuma shekarun koyonta su ne shekarun makaranta. Sai dai tarihi bai goyi bayan cewa dole a saki ɗaya ba. A cikin tawagar da ta fara ɗaukar wa Nijeriya kofin Afirka a 1980 akwai Segun Odegbami, wanda ya tashi a Jos ya karanta aikin injiniya a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan, da Adokiye Amiesimaka, wanda ya karanta aikin lauya a Jami'ar Legas, daga baya har ya riƙe muƙamin kwamishinan shari'a a Jihar Ribas. Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi ya rasu yana buga wa ƙasarsa wasa a Legas a 1989, shi ma ya haɗa ƙwallo da karatun lauya a birnin Rum.

Misali mafi kusa da wannan zamani shi ne na Mohammed Kudus, wanda ya tashi a Nima, unguwar da Hausa take cikin manyan harsunanta a birnin Ankara. Ba wani dillali ne ya tsince shi a bakin titi ya sa shi a jirgi ba. Tun yana yaro ya shiga makarantar Right to Dream, wadda aka kafa a Gana a 1999, inda ake haɗa aji da fili, ana kuma samar wa wasu ɗaliban guraben karatu a Amurka ko da ba su zama 'yan wasa ba. Sai da ya cika shekara 18 a 2018 sannan ya fara buga wa Nordsjaelland ta ƙasar Danmak, ƙungiyar da take da alaƙa da makarantar tasu, daga nan ya wuce Ajax a 2020, ya shiga gasar Ingila a 2023. Idan aka duba da kyau, tafiyar fatake ce sak: ga haja, ga madugu, ga masauki. Ilimin ma ba ajiya ba ce kawai ta ranar da ƙwallo za ta ƙare. Ɗan wasan da ba ya iya karanta kwantiragin da zai sa wa hannu, bai san kason da wakilinsa zai cira ba, bai san harajin ƙasar da yake zaune ba, ba ya kuma jin umarnin mai horarwa sai da tafinta, wasu ne za su ci guminsa.

To ina makaranta take a duk wannan? A da, ita ce matattarar 'yan wasa. Gasar gidaje da gasar makarantu su ne tsanin da yaro yake takawa zuwa ƙungiyar jiha, malamin wasanni kuma shi ne farkon wanda yake gano mai baiwa, ya kuma san iyayensa. Yanzu a makarantu da dama an yanka filin wasa an gina azuzuwa ko an jera shaguna a jikin katanga, wasu makarantun kuɗi kuwa a gidan haya suke, ko wurin taron safe ba su da shi. Darasin motsa jiki yana nan a jadawali, amma shi ne na farko da ake sadaukarwa in malamin lissafi yana son cike giɓi. Gasar kofin Ramat da ake yi wa matasa a Kano, da gasar kwalejojin ilimi ta NICEGA, suna nuna cewa tsanin bai karye duka ba, sai dai matakansa na ƙasa sun zube. Yaron da makaranta ba ta ba shi fili ba zai nemi fili a waje, a can kuwa babu mai tambayarsa ko ya yi aikin gida. Ba a kuma faɗi ƙarya ba in aka ce ƙungiyoyin gida ma suna da abin alfahari da za a nuna masa: Raccah Rovers ta Kano ta ɗauki kofin ƙasa a 1978, Kano Pillars ta ɗauka a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma fitar da Al Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka ta 2009.

Nauyin ya fi faɗawa a kan malami, musamman wanda yake shirin fita daga kwalejin ilimi ya shiga aji. Malamin da ya ƙwace ƙwallo ya fasa ta da wuƙa a gaban ɗalibai ya huce haushinsa, amma ya rufe ƙofar da yaro zai zo masa da shawara ranar da dillali ya kawo takarda. Wanda ya fi shi dabara shi ne mai shiga ta inda ran yaron yake. Teburin gasar Firimiya darasin lissafi ne, garuruwan ƙungiyoyi darasin labarin ƙasa ne. Malamin Hausa ma yana da abin tsinta, domin masu sharhin wasanni a rediyo sun wadata harshen da kalmomi da salon magana irin su “bugun daga kai sai mai tsaron gida” da “satar fage” da “zaman benci” da “raba raini”, waɗanda za a iya nazarinsu a darasin ƙirƙirar kalmomi, a kuma sa ɗalibi ya rubuta rahoton wasan da ya kalla a matsayin insha'i. Sharaɗin shiga ƙungiyar makaranta kuma ya zama halartar aji da cin jarrabawa, ta yadda mai son fili dole ya bi ta aji.

Idan kuma aka sami ɗalibin da baiwarsa ta fito fili, ba daidai ba ne a danne shi da sunan kare shi. Hanyar da Ahmed Musa ya bi a buɗe take: ƙungiyar matasa mai rajista, sannan ƙungiyar da ke buga gasar ƙasa, sannan tawagar ƙasa, inda masu farautar 'yan wasa na gaskiya suke zuba ido. Ranar da wani ya zo da takardar gayyata, malami ne ya fi cancanta ya zauna da uban yaron su bi ta layi-layi, tun da sau da yawa uban ba ya karanta Turanci. Tun daga 2023 FIFA ta dawo da jarrabawar ba wakilan 'yan wasa lasisi, sunayen waɗanda suke da shi kuma suna nan a shafinta na intanet, ana iya dubawa da wayar hannu. Ana iya tuntuɓar hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, ana iya rubuta wa ƙungiyar da aka ce ta yi gayyatar ta adireshinta na ainihi, a ji ko ta san da zancen. A bisa al'ada, ƙungiyar da take son gwada ɗan wasa ita take biyan kuɗin jirginsa da masaukinsa, wakili kuma yana samun ladansa ne bayan an sa hannu a kwantiragi. Wanda ya ce sai an sayar da gona an ba shi kuɗi tukuna, a tambaye shi lambar lasisinsa a gaban mai unguwa.